Gadar Da Na Ce Ina Son Gani

Sai da na yi kwana uku ina juya maganar nan a baki kafin na yarda a rubuta ta. Malamar makarantar da ke maƙwabtaka da mu ce ke rubuta muku abin da nake faɗa, don ni ban san A ba balle B. Na kuma ce mata yau kar ta yi min kwalliya ko a kalma ɗaya. Yadda abin ya zo, haka za ku ji shi.

Ga wanda yau ya fara cin karo da labarina, shekarata sittin da takwas. Biyar na haifa, biyu ne a kusa da ni: babban ɗana bakanike, wanda a gidansa nake zaune, sai autata da ke aikin nas. Mijina mai kanti ya rasu shekara uku ke nan. A unguwa shaidar abu ɗaya ake yi min: ba na mantuwa. Wadda ta ɗora min ruwan zafi shekara arba'in da suka wuce, in yau jikanta ya yi tari sai ta gan ni a ƙofarta. Wadda kuma ta gan ni kwance ta ɗauke kai, ita ma tana nan a ajiye. Ba na ce mata komai, amma tana nan. Matar ɗana, da har yanzu nake kira Amarya bayan shekara sha tara, cewa take kaina ya fi wayarta riƙe abu.

To duk riƙon nan nawa, akwai mutum ɗaya da na ci alherinsa, na shafe bakina, na yi gaba.

Ina 'yar shekara sha shida babana kafinta ya samu aiki can kudu, inda ake gina gada a kan wani babban kogi. Shi ke haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Shekara biyu muka yi a bakin ruwan nan. Kafin a gama gadar, kwale-kwale ke tsallakar da mutane, kuma cikin masu tuƙi akwai wani saurayi wanda in ya miƙe da gora a hannu sai ka rasa wanne ne gorar. Dogo ake ce masa. Shi kuma 'Yar Kafinta yake ce min.

Wata rana da hantsi ciwo ya kayar da mahaifiyata. Asibiti yana tsallake, ruwa kuwa ya cika ya yi jajir, yana tafe da itatuwa har da saiwarsu. Masu kwale-kwale duk suka ce ba su ba ruwan nan. Dogo ya shiga. Kanta yana cinyata, ni ina kallon jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Shekara ashirin da biyu ta ƙara a duniya bayan ranar.

Ya ce yana so na. Na ce masa to, da bakina na faɗa. Sai aikin gada ya zo ƙarshe, na zauna na auna: ranar da mota ta fara hawa gadar nan, wa zai ƙara shiga kwale-kwale? Ga mai kanti kuma can gida yana ta aike. Kar ku ɗora wa iyayena, babu wanda ya matsa min. Ni na auna, ni na zaɓa. Ranar da za mu tashi na ce masa ya jira ni a bakin ruwa mu yi sallama. Motar kayan da ta ɗauko mu ta bi ta kan gadar, na hango shi a ƙasa tsaye yana duban hanyar gidanmu. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Shekara hamsin ke nan.

Bara wata mai busasshen kifi da ke kawo kaya daga can ta zauna shan ruwa a zaurenmu. Hira ta jawo hira, na jefa tambaya kamar da wasa. Ta ce, "Dogo? Tsohon nan da idonsa ya tafi? Yana nan daram. Matarsa ta rasu, 'yarsa ce ke riƙe da shi." Zuwanta na gaba ta saka min lambarsa a waya. Na yi sati biyu ina kallon wayar kafin na danna na ce, "Ni ce." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Kun san amsar da mutumin nan ya turo? Ya ce, "'Yar Kafinta, kin ɗan makara. Na jima a tsaye fa."

Ba gori, ba tone-tone. Dariya ma yake. Wata bakwai ke nan muna saƙon murya, shi ba ido, ni ba karatu. Ni ta hoto nake gane mutane a waya. Bakanike hoton motarsa ne, Auta farar rigarta, Amarya wani jan fure. Dogo kuwa 'yarsa ta saka masa hoton kogin, ga gadar can nesa, ga kwale-kwale ɗaya kife a gaɓa. Ta turo min shi ma na ajiye. In na ga kogi, na san shi ne, sai in danna in yi magana.

Rannan ya ce, "Ƙafata ba ta zuwa, idona ba ya zuwa. Ke ce za ki zo, ki ƙarasa sallamar da kika bari." Tun daga ranar na fara ƙulla yadda zan yi.

Ran Asabar da la'asar muna falo, yara sun samu dogon hutu suna neman tayar da gidan. Dama Bakanike ya daɗe yana musu alkawarin fita gari, kwana uku, a tafi Juma'a a dawo Lahadi. Sai na ciro waya, na nemo hoton, na miƙa masa.

"Ka ga nan? Nan na yi 'yan matancina."

"Kai, ruwa kamar teku. Wa ya turo miki, Inna?"

"Mai kifi."

Ƙaryar farko ke nan, ta fito sumul ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Nan da nan ya ciro tsohuwar kalanda daga bango, ya kifa ta a kan teburi, ya zare fensir daga bayan kunne. Ƙumbarsa baƙa ƙirin da man inji, yana zana hanya yana barin shaidar yatsa. Ya ce in an bi sabon titi awa shida ne, a kwana a babban garin da ke bakin ruwa, akwai masauki mai tsafta, yara su hau jirgin ruwa, a ci kifi, a juyo. Motar ƙanin marigayi za a ara, mai kujeru takwas, ya ma riga ya sauya mata taya biyu.

Na ce, "Tsohuwar gadar fa?"

Ya duba waya, ya ja layi can gefe har fensir ya kusa faɗawa ƙasa. "Inna, wannan ratse ne na awa biyu. Direbobin da ke zuwa gareji sun ce ramukan hanyar nan akuya za ta kwanta a ciki ba a gan ta ba."

"To. Ba komai. Ni ma ai hanyar asibiti ba ta da kyau lokacin da ka faɗo daga bishiyar mangwaro. Kwana arba'in ina goyon ƙato ɗan shekara sha ɗaya, ƙafarsa tana jan ƙasa."

Amarya da ke ninke kayan wanki ta ƙyalƙyale. "Yau ma ƙafar ce ta fito? Inna, ƙafar nan ita ta sa aka sauya miki katifa, ita ta sa aka buɗe miki taga ta biyu. Ba ta gaji ba?"

"Ke dai ninke zaninki. Da ban goya shi ba, da gurgu kika aura."

Bakanike ya yi dariya, amma fensir bai motsa ba. Na ga ƙafa ba za ta kai ni ba. Sai na ciro abin da bai kamata in taɓa ba.

Na ce, "Kakanka da hannunsa ya haɗa katakon gadar nan. Tafin hannunsa duk tsaga ne. In mutu ban ƙara ganin aikin ubana ba?"

Har na kai bakin mayafi ido. Malama, rubuta, kar ki tsaya kallona. Na goge ido, kuma wallahi akwai ruwa a ciki, sai dai ba na babana ba ne. Ɗana ya sunkuyar da kai. Sannan ya maimaita layin nan na gefe da fensir har ya yi kauri.

"Za mu bi, Inna. Ko da turi ne. Zan jera yaran nan a kan gadar in ɗauke su hoto, su san daga inda suka fito."

Auta tana gefen kujera tana ɓare lemo, ba ta sa baki ba sai a nan. "Gwiwarki za ta iya awa takwas a mota?"

"Gwiwata ta iya ku biyar."

"To zan ɗauki hutu. Zan taho da man shafawa da maganin hawan jininki."

Aka shiga rabon aiki: wa zai kawo kula, wa zai sayo ruwan roba, tabarma nawa, a tashi ƙarfe nawa don kar rana ta dafa mu. Amarya ta ce za ta buɗe guruf a waya na tafiyar, kowa ya riƙa jefa abin da ya tuna, har 'ya'yana uku da ke nesa da Kawunsu mai mota. Ta ce, "Inna, kawo in tura wa kaina hoton nan, ya yi min kyau." Ta karɓa ta yi danne-dannenta ta miƙo min. Ban kawo komai a raina ba. Ni murna nake, har ƙafata tana kaɗawa a ƙarƙashin zani.

Ran Litinin da hantsi na yi wanka, na tura ƙofar ɗakina. Na buɗe akwati na tono wani leshi ruwan toka da ya shekara biyar a ƙasa, na shimfiɗa shi a gado, na ɗora ɗan kunne a kai ina gwadawa. Tsohuwa da furfura, jikoki goma sha huɗu. Sai na ɗauki waya. Ga kogi nan a can sama, ga gada, ga kwale-kwale kife. Na danna.

Zan faɗa muku abin da na ce, don in na ɓoye wannan, ban faɗi komai ba.

"Dogo, Dogona, ka tashi lafiya? To albishirinka. Na gama da su. Yaron nan ya so ya kawo min gardamar ramuka, na murɗa shi ta nan na murɗa shi ta can. Ce musu na yi gadar babana nake son gani. Wace gada? Ni da na taka ta har ta ishe ni. Juma'a da yamma muna nan. In sun shagala da ɗaukar hoto zan ce zan gaida wata tsohuwar ƙawa, ka sa 'yarka ta tsaya a bakin hanya. Na ciro leshi, har zan tambaye ka kalar da kake so, na tuna ko buhu na saka duk ɗaya ne a wurinka. To turare zan zuba, wannan dai hancinka bai tsufa ba. Kuma kar ka ce za ka miƙe tsaye don ni, ka riga ka yi tsayuwar da ta isa."

Na yi dariya a ƙarshe, wata irin dariya da ban san ina da sauranta ba. Na saki yatsa. Na ci gaba da shafa leshi.

Ba a yi minti biyu ba na ji wata tsohuwa a kicin tana cewa, "Dogo, Dogona."

Na ɗauka kunnena ne. Amarya in tana wanke-wanke a sifika take sakin waya, ta jingina ta da robar omo. Famfo yana zuba, ga muryata tana tashi sama da ruwan, tana ratsa tsakar gida inda yara ke buga ƙwallo. Sai na ji an kashe famfo. Sai na ji ƙwallo ta daina bugun bango. Gidan ya yi tsit, saura ni kaɗai nake magana. "Wace gada?"

Na janye hannu daga kan leshin.

Amarya ta turo ƙofa, kumfa har gwiwar hannu, waya riƙe da yatsa biyu. Ta dubi leshi, ta dube ni, ta mayar da ido ƙasa.

"Inna... guruf kika tura."

"Wane guruf? Kogi na danna."

"Hoton ne na saka a guruf ɗin. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Goge. Maza goge shi."

Ta karɓi wayata. Ta goge. Sannan ta tsaya tana kallon tata, leɓenta yana motsi.

"Faɗa min."

"Ai tun kafin in goge... Yaya na gareji ya ji. Auta ta ji. Su Yaya na nesa, biyu sun ji. Kawu ya ji. Ya ma fita daga guruf ɗin."

Ƙanin mijina. Mutumin da ya tsaya a kaina ranar rasuwa yana cewa ɗan'uwansa ya yi dacen mata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ko takalmi ba zan tsaya nema ba. Amarya ta rasa inda za ta sa kanta, dariya tana cin ta, hawaye yana cin ta. Ta ɗauki leshin za ta ninke, ta ga kumfa a hannunta, ta ajiye. Ta ce, "Inna, in kawo miki shayi?" Na ce ta ja min ƙofa.

Azahar ba ta yi ba na ji ƙarar babur ɗin Bakanike. Bai taɓa dawowa gida da rana ba. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya da kayan aikinsa, yana murza tsumma a hannu.

"Inna, gadar akwai ta?"

"Akwai."

"Kaka ya yi aiki a kanta?"

"Ya yi."

"To alhamdu lillahi. Ko wannan dai gaskiya ne."

Na ce, "Shigo ka zauna."

"Nan ma ya isa. Jiya duk wanda ya shigo gareji sai na gaya masa kakana ya gina gada. Har hoton na nuna musu." Ya ninke tsumman, ya warware. "Kuka kika yi fa, Inna. A gabana, a gaban matata."

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba a gidan nan, sai ga ni ina sunkuyar da kai.

"Baba ya san da shi?"

"Babu abin sani. Shekara arba'in da bakwai ban ci amanar ubanka ba ko da kallo. Wannan tun kafin shi ne. Mutumin nan shi ya tsallakar da kakarka ranar da kowa ya ƙi, ni kuma ko na gode ban tsaya na ce masa ba."

"Da haka kika ce min, da na kai ki. Wallahi da na kai ki, ko raina ba ya so. Amma murɗa ni kika yi. Ta nan da ta can, in ji ki."

"Na yi kuskure."

"Kawu ya kira. Ya ce motarsa ta samu matsala." Ya yi wani guntun murmushi. "Motar da na gyara da hannuna shekaranjiya. Ni dai na fasa, Inna. Yara zan kai su gidan namun daji su wuni."

Na ji shi ya shiga falo. Na ji ƙarar takarda, kalandar nan ce yake nannaɗewa. Babur ya tashi.

Yanzu kuma sai in faɗa muku abin da ya fi wannan nauyi, wanda tun da na fara ba ku labarina nake tsallake shi kamar kwata.

Auta tana da shekara talatin da ɗaya mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu. Bayan shekara biyu wani tela da ke da shago daura da asibitinsu, wanda ke ɗinka musu fararen riguna, ya nuna yana son ta. Mutum mai natsuwa, ya zo gida da mutuncinsa, ya durƙusa ya gaishe ni. Na dube shi na auna: shagon haya, keken ɗinki ɗaya. Kuma in ta tafi, wa zai riƙa duba ni? Wannan na biyun ban faɗa wa kowa ba sai yau. Na tara 'yan'uwanta a falon nan, na ce mata, "Mace da 'ya'ya biyu tana zancen so? Ba ki jin kunya? So na yara ne. Ni da na goya miki yaran nan kina karatu, da wannan za ki saka min?" Ta dube ni kawai. Washegari ta sallami tela. Tun daga ranar maganarta ta ragu, ni kuma na ce hankali ta ƙara.

Duk wunin Litinin ɗin nan ba Kawu nake tunani ba, ba ma Bakanike ba. Ita nake jira.

Ƙarfe biyar na ji tsayuwar ƙaramar motarta. Ta shigo da farar rigarta, agogo maƙale a ƙirji, warin maganin asibiti yana bin ta. Ta rufe ƙofa, ta jawo kujerar roba ta zauna daf da gado. Leshin yana nan inda yake, na kasa ɗauke shi.

"Kin sha maganinki na rana?"

"Ban sha ba."

Ta ɓallo ƙwaya, ta miƙo min da ruwa, ta tsaya sai da na haɗiye. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

"Kafin a goge, sau huɗu na ji shi," ta ce. "A ɗakin allura na kulle kaina. Inna, shekarata talatin da tara, ban taɓa jin kin yi dariya irin wannan ba. Ban san kina da ita ba."

"Auta..."

"Ashe ba na yara ba ne."

Na rufe fuska da tafin hannu. Na ce, "Ki yafe min. Telan nan, in har kina so, ni zan je da ƙafata. Gobe ma. In durƙusa masa in ya kama."

"Ya yi aure."

Na ɗago.

"Shekara biyu ke nan. Matarsa a hannuna ta haihu, ranar ni ke aiki. Namiji. Ni na naɗe shi a tawul na fito na miƙa masa. Ya ce, sannu da aiki, Malama."

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba. Ke da kin san ranar da kowa ya yi tari a unguwar nan."

Ba ta ɗaga murya ba, ko hawaye babu. Ta kai hannu ta shafa leshin, ta gyara ɗan kunnen da ya karkace a kai.

"Wannan zai yi miki zafi a mota. Ki saka atamfa, in mun kusa sai ki sauya."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Mun kusa ina? Yayanki ya fasa."

"Yaya ya fasa. Ni hutuna na riga na ɗauka, kuma ba a mayarwa. Motata ƙarama ce amma tana tafiya. Yara su zauna wurin Amarya. Mu tashi da sassafe, mu tsaya sau biyu ki miƙe ƙafa, kafin la'asar muna bakin ruwa."

"Don me za ki yi min haka?"

"Tsoho ne, kuma makaho. An ce masa Juma'a. Ko ba a ce masa ba tukuna, tunda mu muka karɓi saƙonsa."

Na kamo hannunta. "Me zan saka miki da shi? Faɗi ko mene ne."

Ta zare hannun a hankali. "Babu, Inna. Wannan ba ya sakuwa. Haka za ki zauna da shi."

Ni da ban taɓa kwana da alherin wani a kaina ba sai na san ranar mayarwa. Na ji kamar an ɗora min dutsen niƙa a ƙirji.

Ta ce, "Abu ɗaya nake son sani. Ya san kina da 'ya'ya?"

"Ya san ku duka."

"Me kika ce masa a kaina?"

Na kau da kai. Ta jira. Aikinta ya koya mata jira.

"Na ce... kin ƙi ƙara aure. Saboda yaranki, da kuma tausayina."

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya yi miki albarka. Ya ce wadda ta tarbiyyantar da irin wannan 'ya, bai yi asarar tsayuwarsa ba."

Auta ta gyaɗa kai a hankali, kamar ta ga sakamakon gwajin da dama ta san abin da zai nuna. Ta ɗauki wayata daga kan filo, ta duba, ta wuce kogin farko, ta tsaya a na biyu.

"Zan tuƙa ki awa takwas, ban damu ba. Amma ba zan zauna a tabarmar bawan Allah yana shi min albarka a kan ƙarya ba. Ga shi nan, wannan ne nasa. Ki gaya masa Juma'a muna tafe. Ki gaya masa wadda za ta kawo ki, da abin da kika yi mata. In ya ji ya ce mu zo, mu je."

"In kuma ya ce kar mu zo fa?"

"Sai ki mayar da leshi akwati."

Ta sa min wayar a tafin hannu. Ba ta tashi ba, ba ta kuma kau da ido ba. A tsakar gida Amarya tana kiran yara su zo su wanke ƙafa. Yatsana ya yi ta shawagi a kan gilashin, ya sauka, ya tashi. Mutumin nan wata bakwai yana jin muryar wata mata mai kirki, wadda ta yi kuskure ɗaya tak tana yarinya.

Na danna.

"Dogo, ni ce. Kafin ka sa a share tsakar gida, zauna tukuna. Akwai abin da ya kamata ka sani game da matar da kake jira."